Gona, Itace da Hasken Rana: Nasiha ga Matasan Karkarar Kano Masu Neman Ilimin Jami'a

Karkarar da ke arewacin birnin Kano, daga Ungogo da Minjibir da Gezawa har zuwa Dawakin Tofa, Bichi, Ɗambatta da Makoɗa, tana cikin ƙasashen noma mafiya cikar jama'a a Afirka ta Yamma. A yawancin garuruwanta mutane sun haura 200 a kowace murabba'in kilomita, gona tana manne da gona, kuma an daɗe da daina barin saura ta huta. Ruwan sama na wata huɗu ne ko ƙasa da haka, ƙasar kuma jigawa ce mai rairayi. Bisa lissafin littattafan aikin gona na da, wuri irin wannan ya kamata a ce ya mutu tuntuni. Amma ana noma shi shekara bayan shekara tun kafin matafiyi Heinrich Barth ya ratsa shi a 1851, kuma har yau gero da dawa da wake da gyaɗa suna fita daga cikinsa zuwa kasuwar Dawanau. Wannan abin mamaki ne ya jawo masu binciken jami'a zuwa yankin fiye da shekara sittin da suka wuce, kuma abin da suka gano ya cancanci kowane matashi ɗan yankin ya san shi kafin ya zaɓi abin da zai karanta.

Wanda ya fi daɗewa a kan wannan aiki shi ne Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1962, sannan ya koma Jami'ar Bayero ta Kano a 1979 ya zauna har 1986. A 1965 shi da abokin aikinsa J. Wilson suka fitar da rahoto a kan ƙasa da jama'ar wannan karkara. Hanyar aikinsa mai sauƙin faɗi ce, mai wuyar yi: a auna gona, a ƙirga bishiyoyi, a bi jakuna a ga abin da suke ɗauka, a dawo baɗi a sake aunawa. A wancan zamani jakuna sukan shiga birni da itace, su fito da mangala cike da taki da sharar gida, a juye a gonaki tun da rani. Abin da idon baƙo yake gani a matsayin talauci da rashin tsari, awo ya nuna tsari ne mai ƙa'ida wanda jama'a suka gina a hankali domin ƙasa ta yi musu kaɗan.

A shekarun 1990 wata mai bincike, Frances Harris, ta zauna a kan gonakin Tumbau a ƙaramar hukumar Gezawa tana lissafin sinadaran da ke shiga ƙasa da waɗanda ke fita. Ta tarar da zagaye ne. Ana shuka wake da gyaɗa a tsakanin hatsi, su kuwa saiwoyinsu suna ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin da suke samowa daga iska. Bayan girbi a ɗaure harawa a ɗora a kan bishiya ko rufin ɗaki. Tumaki da awaki suna turke duk damina, ana yanko musu ciyawar da aka nome, da rani su ci harawa da dusa. Kashinsu da tokar murhu da sharar tsakar gida su taru, a kai gona kafin ruwa ya sauka. Har ƙurar hunturu da ke zuwa daga arewa maso gabas tana sauke wani abu na abincin ƙasa. Babu abin da ake zubarwa. Tun kafin wannan, David Norman na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ya nuna a ƙauyukan Zariya, a ƙarshen shekarun 1960, cewa haɗa amfani iri-iri a gona ɗaya, wanda malaman gona na lokacin suke kira ci-baya, ya fi shuka iri guda riba da kariya idan damina ta yi gardama.

Batun itace ma haka ya kasance. Bayan farin 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984, magana ta bazu a duniya cewa buƙatar itacen girki a birane za ta share bishiyoyin da ke kewaye da su. Malaman sashen labarin ƙasa na Jami'ar Bayero, ciki har da Reginald Cline-Cole da J. A. Falola da Mortimore, suka gwada wannan zance a Kano da hotunan jirgin sama da ƙirga a ƙasa, aka buga sakamakon a 1990. Suka tarar bishiyoyin gonakin da ke kusa da birni ba su ƙare ba. Dalili kuwa a fili yake ga duk wanda ya tashi a ƙauye: ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo da rimi na gona suna da mai su. Ana sassabe reshe, ba a kayar da uwa sai da dalili. Itacen da birni ke ƙonawa kuwa manyan motoci ne suke ƙara kawo shi daga dazuzzuka masu nisa, inda bishiya ba ta da mai tsaron ta. Wato matsalar tana nan, sai dai ba a inda ake nuna ta da yatsa ba. Wanda bai auna ba zai kai magani inda babu ciwo.

Yankin Ɗambatta ya ba da misalin abin da ke faruwa idan aka fara da magani kafin tambaya. A shekarun da suka biyo bayan babban farin 1972 zuwa 1973, gwamnati ta dasa jerin bishiyoyin turare a Yambawa domin su tare iska da rairayi. Niyyar mai kyau ce, kuma ƙasar da ta lalace ta farfaɗo. Amma da L. O. Z. Onyewotu na tashar binciken shingen bishiyoyi ta Kano, tare da Kees Stigter na Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan da wasu malaman Zariya, suka auna geron da ke tsakanin jerin, sai suka ga abubuwa biyu. Tazarar da ke tsakanin jeri da jeri ta yi yawa, har tsakiyar fili ba ya samun kariya daga iska mai zafi. Geron da ke gindin bishiyoyin kuma yana tsumburewa, domin saiwoyin turare suna shanye masa laima, inuwa kuma tana danne shi. Da aka haƙa rami a gefen jerin aka datse saiwoyin, amfani ya ƙaru. Manoman da aka karɓi wani yanki na gonakinsu aka dasa itacen a kai sun san da wannan asara. Ba a dai tambaye su ba ne. A can ƙetaren iyaka, a Maraɗi, abin da ya yi nasara daga 1983 shi ne sassabin zamani, inda manomi yake barin tohon kututturen da ke gonarsa, ya zaɓi rassa masu ƙarfi ya rene su. Da masu bincike suka duba hotunan tauraron ɗan Adam daga baya, suka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram sun sake samun bishiyoyi ta wannan hanya, ba tare da gandun reno ko motar ban ruwa ba. Matashin da zai yi aiki da hukumar Babbar Ganuwar Bishiyoyi, wadda Najeriya ta kafa a 2015, ko da shirin ACReSAL na Bankin Duniya, ya kamata ya riƙe labarin Yambawa da na Maraɗi a ka.

Kada a fahimci wannan a matsayin cewa ilimin gargajiya ya wadatar. Bai wadatar ba, kuma manoma ne na farko da za su faɗi haka. Ƙuduji yana cinye dawa da wake, gonaki suna ƙanƙancewa duk lokacin da aka raba gado, takin zamani ya yi tsada, sharar birni da ake kaiwa gona yanzu cike take da leda da fasassun batura. Inda bincike ya yi amfani shi ne inda ya ɗora a kan abin da ke ƙasa. Masu kyautata irin wake a tashar IITA ta Kano, wadda ke da gonar gwaji a Minjibir, sun koyi cewa manomin nan ba ya son waken da zai ba shi ƙwaya ya hana shi harawa, domin harawa ita ce abincin tumaki, tumaki kuma su ne taki da kuɗin sallah. A ƙarƙashin B. B. Singh aka fitar da iri masu ba da biyun, aka kuma gwada tsarin kunya biyu na hatsi da kunya huɗu na wake. Buhun nan mai riɓi uku da ake adana wake a ciki ba tare da magani ba, daga binciken Jami'ar Purdue ta Amurka ya fito: ana ɗaure bakinsa, iska ta ƙare wa ƙwaro ya mutu. A 2012 Jami'ar Bayero ta kafa Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa, wadda a 2014 ta shiga jerin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ke tallafawa, kuma tana horar da ɗaliban digiri na biyu da na uku daga ƙasashe da dama. Ƙofar tana kusa da gida.

A fannin makamashi aikin ya fi zama ɗanye, kuma a nan ne ake buƙatar sababbin hannuwa. Kano tana samun hasken rana mai ƙarfin kimanin kilowat-awa 6 a kowace murabba'in mita a rana. A watan Satumba na 2019 aka buɗe tashar lantarki ta hasken rana haɗe da injina mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, a ƙarƙashin shirin hukumar samar da lantarki a karkara, sannan a Janairun 2023 aka buɗe wata mai megawat 10 a Kumbotso. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato tana aiki tun 1982 a kan na'urar busar da amfanin gona da rana, murhu mai tsimin itace da iskar gas ta kashin dabbobi. Ilimin yana nan. Tazarar da ta rage ita ce tsakanin ɗakin gwaji da tsakar gida a Kunchi ko Tsanyawa.

Ɗalibin da zai rufe wannan tazara dole ya fara da sanin cewa a wannan karkara babu abin da ake kira sharar gona. Takardun bincike da yawa sukan fara da lissafin tan nawa na kara da kashin dabbobi ake samu, sannan su ce za a iya mayar da su wuta. Wanda ya rubuta haka bai taɓa sayen damin kara a bazara ba. Kara shi ne danga, shi ne zana da rufin rumbu, ganyensa abincin shanu ne, ragowarsa makamashin girki, tokarsa ta koma gona. Kashin dabbobi kuwa shi ne ran ƙasar. Duk na'urar da za ta ɗauke ɗaya daga cikin waɗannan sai ta faɗi abin da za ta mayar. Tukunyar iskar gas ta kashin dabbobi tana da amsa mai kyau, domin ruwan takin da ke fita daga cikinta yana komawa gona da ƙarfinsa. Amma tana shan ruwa kullum, kuma kashin awaki da tumaki, wanda shi ya fi yawa a gidajen yankin, busasshe ne mai tauri, ba kamar na shanu ba. Gidan da 'ya'yansa ke tafiya rijiya mai nisa a watan Afrilu ba zai zuba jarka biyu a rami ba. Abin da ya fi kusa da zama rarar gaske shi ne ɓuntun shinkafa a wuraren casa da ɓawon gyaɗa, kuma a kansu ne gwajin dunƙulen gawayi ya fi ma'ana.

Famfon ban ruwa mai aiki da rana ya yaɗu sosai tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, musamman a wuraren noman rani na madatsun Watari a Bagwai da Tomas a Ɗambatta da fadamun da ke kewaye. Alheri ne babba: mai tumatir da albasa ya huta da sayen mai kullum. Sai dai injin fetur yana da birki, wato tsadar mai. Na rana ba shi da shi, yana zuƙa muddin rana tana sama. Yawancin ƙasar yankin a kan dutse take zaune, ruwan ƙarƙashinta a cikin tsagogi da ruɓaɓɓen dutse yake, ba tafki ba ne. Ana buƙatar wanda zai riƙa saka igiya mai alama a rijiyoyin gari ɗaya kowane mako, shekara biyu ko uku, ya rubuta zurfin ruwa. Aiki ne da bai fi ƙarfin ɗalibin aji uku ba, kuma ya fi tarin kundayen da aka kwafo daga intanet daraja. Haka batun ƙura. Hunturun da ke ciyar da gona shi ne yake lulluɓe gilashin sola ya rage masa ƙarfi, zafin bazara kuma yana gajiyar da batir. Sau nawa ya kamata a goge gilashi a Bichi a watan Janairu, da wane abu, da ruwa nawa? Ina mataccen batir yake zuwa, alhali dalma ce a cikinsa, kuma Zamfara ta ga abin da dalma ta yi wa yara a 2010? Waɗannan tambayoyi ne na injiniya da masanin sinadarai, kuma amsarsu ta Jamus ko Sin ba za ta yi daidai da ta nan ba.

Murhu ya fi duk waɗannan muhimmanci, shi ne kuma aka fi rainawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a duniya a 2020. Mace mai tuyar ƙosai ko mai matsar man gyaɗa tana durƙushe a gaban duwatsu uku tun asuba, goyo a bayanta, idanunta suna hawaye, kara yana ci da sauri tana turawa. An ƙera murhu masu tsimin itace iri-iri, wasunsu sun yi kyau a gwaji, amma aka same su a jingine a bayan ɗaki. Wani ba ya ɗaukar tukunyar gidan mutum ashirin, wani yana motsi idan ana tuƙin tuwo da muciya, wani yana son a faskara itace ƙanana alhali kara ake da shi. Namiji baƙo ba ya wuce zaure, saboda haka ba zai taɓa ganin waɗannan ba. Ɗaliba mace ce kaɗai za ta shiga ta zauna da matan gida, ta auna itacen da aka ƙona, ta ji abin da suke so. Iyayen da ke shakkar barin 'ya mace ta karanta kimiyyar lissafi ko injiniyanci su san cewa rabin binciken makamashin karkara a rufe yake har sai ta zo.

Shirin wannan aiki tun daga sakandare yake farawa. Lissafi da fiziks da kimiyyar sinadarai da ta halittu su ne tsani, kuma wanda ya tsallake su da satar amsa zai tsaya cak ranar da aka miƙa masa na'urar awo. Labarin ƙasa da aikin gona ba darussan ragwaye ba ne, kamar yadda wasu ɗalibai suke ɗauka. Ba kuma dole ne kowa ya zama farfesa ba. Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta, Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da sana'a a Bichi, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote a Wudil duk hanyoyi ne. Fitilun kan titi da famfunan sola da suka mutu a ƙauyuka da yawa ba ƙarancin masu digiri ne ya kashe su ba. An rasa mai gyara ne a kusa, wanda ya san yadda ake gwada batir da canza na'urar daidaita caji. Saurayin da ya iya wannan da gaskiya ba zai rasa abinci ba, kuma ba sai ya tafi ci-rani Legas ba.

Ga wanda ya shiga jami'a, wajibi na farko shi ne amana a cikin awo. Lambar da aka ƙirƙira a ɗakin kwana ƙarya ce, ko da malami bai gano ba, kuma wata rana wani zai gina shiri a kanta ya cuci mutane. Idan gwaji ya nuna sabon irin wake bai fi Ɗan Ila ko Kanannado ba a gonar da aka gwada, a rubuta haka. Wannan ma sakamako ne. Na biyu shi ne ladabi. Ana shiga gari ta hannun dagaci ko mai unguwa, a gaida mutane, a faɗi abin da ya kawo mutum, kada a yi alkawarin taki ko rance don a samu amsa. Dattijon da ya yi damina hamsin a gona ɗaya ya san inda ruwa ke kwanciya da shekarar da gawon gefen ya fara 'ya'ya, kuma zai faɗa wa wanda ya zauna a tabarma ya saurara, ba wanda ya tsaya da takardar tambayoyi yana duban agogo ba. Na uku shi ne mayar da abin da aka samo. Ƙauyukan da ke kusa da Kano sun gaji da masu zuwa su yi tambaya su ɓace. Kundin da aka rubuta da Turanci aka ajiye a kanta bai kai ga kowa ba. Shafi biyu da Hausa, ko zama ɗaya a ƙofar gidan mai gari bayan la'asar, ko minti goma a gidan rediyo, shi ne biyan bashin. Musulmi ya san daga hadisi cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukarsa sadaka ce a gare shi. Ilimin da ya sa shukar wani ta yi kyau bai gaza haka ba.

Ɗan wannan karkara yana da jarin da Mortimore ya ɗauki shekaru yana tarawa: ya san harshen, ya san bambancin jigawa da fadama da ƙafarsa, ya san dalilin da ya sa ba a sare gawo, kuma ba sai an yi masa tafinta a gidan kawunsa ba. Abin takaici ne a ga irin wannan ɗalibi yana jin kunyar faɗin sunan ƙauyensu, yana neman batun bincike a kan abin da bai taɓa gani ba. Ƙirgar bishiyoyin da aka buga a 1990 ta haura shekara talatin. Tun daga lokacin birni ya cinye gonakin Ungogo da Kumbotso da yawa, babur da a-kori-kura sun rage aikin jaki, gawayi ya shiga gidajen da da ba sa amfani da shi. Ana buƙatar a sake ƙirga bishiyoyin Gezawa da Minjibir, a sake lissafin taki a Tumbau, a koma Yambawa a ga abin da ya rage, kuma yanzu hoton tauraron ɗan Adam yana cikin wayar hannu kyauta. Ɗaliban da za su zaɓi batun kundinsu a bana su ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan su kai wa malamansu tun da rani, domin a shirya igiyar awo da littafin rubutu da izinin masu gonaki kafin ruwan shuka ya sauka.